Shanyar Wake a Filin Jirgi

Samarin garinmu sun gama yanke hukunci cewa aikina zama ne. Idan za su Gangara ranar kasuwa, sai su rage gudun moto daidai bukkata su ce, "Kawu Rabe, a gaida aiki," su yi dariya su wuce. Ba na mayar musu da amsa, domin kafin in shirya abin da zan ce sun kai kwanar hanya ta biyu. Shi ya sa na ga gara in rubuta.

Ni ne mai kula da ƙaramin filin saukar jirgi da ke bayan garinmu, gabas da Agiye. Ba irin wanda kuke gani a tele ba ne. Jar tsakuwa ce aka zuba aka daddaɓe, tsawonta mita dubu daga yamma zuwa gabas. Babu kwalta, babu fitila, babu shinge. Abin da ke akwai shi ne bukka ta kwano, da bishiyar bedi guda, da ni. Jiragen da ke sauka ƙanana ne, masu kujera huɗu ko shida, sai masu feshin fara da tsuntsayen jan baki idan shekara ta zo da su. Wani wata a yi sauka uku, wani wata ko ɗaya. Amma filin bai san ranar da za a zo ba, don haka kullum sai ya kasance a shirye.

Aikin farko da Baba Tanko ya ba ni shi ne in cire takalmi. Shi ne mai filin kafin ni, tsoho ne da bai yi lakol ba, wato boko, kuma a lokacin buro, ofishinmu na Agiye, ya fara neman a riƙa aika masa komai a rubuce. Ina ajin ƙarshe na kwalej, na zo hutu, sai aka ce masa ga yaron da ko takardar ƙunshin ƙosai ya tsinta sai ya karanta ta har ƙasa. Na iso da littafi sabo da biro biyu. Bai ko kalle su ba.

"Hidda takalman nan, ɗan lakol," ya ce. "Da ido za ka ga tsaida? Tayar jirgi kau ba ta sa takalmi."

Muka taka filin daga wannan kai zuwa wancan, muka dawo. Tsaida ta soke ni sau bakwai. Duk inda na yi tsalle sai ya tsaya ya ce in tone gindin in ƙone. Haka na koyi cewa tafin ƙafa yana jin wurin da ƙasa ta yi laushi tun kafin ta nuna, yana jin inda gara ta fara gini daga ciki, yana jin ramin kurege da aka rufe da ƙasa kaɗan. Har yau bayan sallar asuba haka nake taka shi, ba takalmi, da dagi a kafaɗa da tsintsiyar kaba a hannu.

Birgimar jaki ita ce ta fi ba ni wahala a shekarun farko. Jaki ba ya son yashi idan ya sami jar tsakuwa mai ɗumi. Zai zo da rana tsaka ya zaɓi tsakiyar fili daidai inda taya ke fara taɓa ƙasa, ya kwanta ya yi ta juyi har ya yi kwari kamar ƙwarya. Ka cike yau, gobe ya dawo da ɗan'uwansa. Zabi kuma ba sa gudun jirgi, gabansa suke shiga suna gudu tare da shi. Duwatsun da ke jere a gefen fili sai an shafa musu farar ƙasa duk bayan damina don a hange su daga sama, kuma guda ɗari da goma sha biyu ne, na san kowanne. Akwai kuma doguwar jakar yadi da ke bisa sanda, wadda ke nuna wa matuƙi inda iska ta dosa. Mutanen gari suna kiranta wandon iska. Da ta yage na kai wa wani tela a Agiye ya ɗinka sabuwa, na zana masa komai a takarda. Ya ɗinke bakin da ya kamata ya bari a buɗe, ya sa mata aljihu, ya ce aljihun kyauta ne.

Amma ainihin aikin da aka ɗauke ni saboda shi, sanarwa ce. Duk abin da ya canza a fili, ruwa ne ya ci gefe, ko ana gyara, ko shanu sun mayar da wani wuri hanya, dole in rubuta: wane fili, daga yaushe zuwa yaushe, me ya faru, mita nawa suka rage. In hau keke in kai buro a Agiye, su aika birni, can a haɗa ta da sanarwoyin sauran filaye. A bakin matuƙa sunanta notam. Doka ta ce kowane matuƙi ya karanta kafin ya tashi, komai ƙanƙantar jirginsa, komai kusancin inda za shi.

To suna karantawa? Na daɗe ina bin wannan tambaya, har na ware mata shafi a bayan littafina. Ban taɓa tambayar kowa baki da baki ba, kunya ba za ta bar ni ba. Kallo nake yi. Akwai wata matuƙiya da ta taɓa sauka da takardun a cinyarta, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin sanarwata. Da ta fito ta ce in nuna mata ramin kuregen da na ambata. Na kai ta, muka tsaya a kansa mu biyu kamar masu ziyarar kabari. Ba ta sake zuwa ba, amma sunanta yana saman shafin. Wani kuma da takardun yake tare rana a gilashin gaba. Wani ya ba ni ragowar kilishi a ƙunshe, na buɗe, sai ga sanarwata, mai ya jiƙa ta har ana hango yatsa ta bayanta. Na karanta ta duk da haka. Babu kuskure ko ɗaya.

Ba zan zalunce su ba. Na taɓa ganin tarin takardun da ake ba su. Shafi bayan shafi, rabinsu labarin fitilar da ta mutu a wani dogon ƙarfen waya a garin da ba za su ko bi ta kansa ba, an rubuta da gajerun haruffa manya kamar mai rowar tawada. Tawa tana can ciki, layi huɗu ko biyar, tsakanin fitila da fitila. Yanzu an mayar musu da su cikin waya, sun huta da ɗauka, amma yatsa ya fi ido sauri.

Kumandan Isufu shi ne a ƙasan shafin. Bagobiri ne daga wajen Gidan Rumji, ƙaton mutum mai dariya, kuma gwani, wannan babu musu. Yakan aje jirgi a ƙasa kamar mace na aje ƙwaryar nono. Idan ya ga ina leƙen kujerarsa ko zan hangi takardu, sai ya dafa kafaɗata har in lanƙwashe.

"Rabe, hilin ga na san shi awa tsakar gidanmu. In wani abu ya sake, daga bisa ni ka ganinai. Takardun ga naku sun hi buhun hatsi nauyi."

Shekarar da zan ba ku labarinta, Baba Tanko ya riga ya rasu, ni kaɗai ne a fili. Ruwa ya ɗauke da wuri. Hatsi ya yi kai bai yi ido ba. Gonata, wadda nake cika rumbu da ita, dami huɗu ta ba ni, su ma rabinsu buntu. Abin da ya tsira a garin shi ne wake, kuma waken da ya fi na kowa shi ne na surukata, mahaifiyar matata Dije. Ba zan rubuta sunanta ba, Inna nake ce mata. Mijinta ya rasu, gonarta tana wani kwari da ke riƙe laima. Kowa ya san lissafin ba sai an faɗa ba: waken nan shi zai kai gidanta da gidana damina. Idan babu shi, sai in rufe bukka in tafi kudu cin rani, Dije ta koma ɗakin uwarta su yi ta kallon juna.

Wata safiya na isa kan gabas na fili sai na tarar da amalanke. An shimfiɗa tabarmi da buhunan da aka farke aka ɗinke, Inna tana baza wake a kai, da ɓawonsa, tana bin sa da sanda. Na tsaya nesa, na durƙusa. Al'ada ta ce in cire takalmi, takalmi kuwa dama babu. Na gaida ta ina kallon ƙasa, ta amsa tana kallon arewa. Shekara tara da auren ɗiyarta, abin da ke shiga tsakanina da ita ke nan. Na tashi na koma gida.

"Dije, Inna ta yi shanya a kan fili."

"Na sani. Ni na kama mata buhu."

"Filin gwamnati ne."

"To gwamnati na shanya yau?"

"Da za ki ce mata..."

"In ce mata mi? In ce mijina ya ce ki kwashe? Ga ta can, je ka hwaɗa mata da bakinka." Ta ci gaba da tankaɗe. "Tsakar gida awaki, bayan gari rairai da ƙaya. Hilinka ba ƙaya, ba akuya, ka share shi ya hi gadonmu tsabta. Laihin wa?"

Na yi tunani har azahar. Hanya biyu ce: ko in ce wa surukata ta kwashe wakenta, ko in rufe wani ɓangare na filin jirgin gwamnati. Na ɗauki biro. Na rubuta cewa mita ɗari biyu na kan gabas suna rufe na kwana goma saboda aikin gona, kuma ba ƙarya na yi ba. Na jera fararen duwatsu a gicciye daidai iyakar shanyar, alamar da kowane matuƙi ya sani. Na hau keke na kai Agiye.

Abin da ban lissafa ba shi ne sauran matan gari suna da ido. Washegari tabarmi sun wuce duwatsuna. Na matsar da su, na sake aunawa, na rubuta ta biyu: saura mita ɗari bakwai. Jibi ɗari shida. Ma'aikacin buro ya karɓi ta ukun yana kallona ta saman gilashinsa.

"Malam Rabe, hilin nan naka wanki aka yi mishi yake ƙanƙancewa?"

Na ce aikin gona ne. Ya buga hatimi.

Ta huɗun ita ce wadda na fi ɓata wa lokaci. Layi biyar ce. Lamba da sunan fili, sai kwanaki, sai tsawon da ya rage, mita ɗari biyar daga yamma, sai gargaɗi cewa akwai mutane a kan gabas. Layi na biyar har na fito daga buro na hau keke sannan ya faɗo mini, na koma na roƙi a ba ni takardar in ƙara. Ya ce duk wanda ya sauka ya kashe inji a inda ya tsaya, kada ya juya, za a tura jirgin da hannu. Ga dalili, ga ku masu cewa aikin zama ne: farfelar jirgi baya take watsa iska. A wannan lokaci iska daga gabas take, don haka jirgi zai shigo ta yamma, ya gangaro hancinsa yana kallon wake, wutsiyarsa tana kallon daji. Wannan babu laifi. Amma matuƙi in ya tsaya, ya saba ya ƙara wuta ya murɗa jirgin ya fuskanci inda ya fito. Yana murɗawa, wutsiya ta kalli shanya.

Rana ta takwas aka gama bugu aka yi sheƙa. Wake ya fita tsaf daga ɓawo, an tara shi tsibi tsibi a kan tabarmi, jira kawai ake a ɗura a buhu kafin azahar. Tsibin Inna shi ne na gaba, ya kai ƙugun mutum. Ina bukka ina tunanin yadda zan rubuta sanarwar buɗe fili, da hantsi, sai na ji ƙugi daga gabas. Na san injin kamar yadda ake sanin tarin maƙwabci. Rediyon magana, wanda ke aiki da batirin mota, ya yi kakari.

"Rabe, Rabe, Isuhu na. Mi ni ka gani bisa hilinka? Kasuwa ta ci?"

"Barka da hantsi, Kumandan. Ka sami sanarwa?"

"Wace sanarwa?"

"Ta huɗu."

"Akwai ta ɗaya?"

Na ce masa fili rabi ne, ya fi kyau ya wuce Maraɗi, ba nisa. Muryarsa ta dawo ba dariya a cikinta.

"Ban kai Maraɗi. Hura na sha da sahe, wadda ta kwana, ga nono ya wuce wuri. Rabe, ko in sauka bisa hilinka ko in sauka cikin wandona. Zaɓi guda."

"To bari in karanta maka."

Na buɗe littafi, na daidaita shi a kan gwiwa. Na karanta lambar sanarwa. Na karanta sunan fili.

"Na san sunan hilin, ina bisa kainai."

Na karanta kwanaki, ranar farawa da ranar ƙarewa, da sa'o'i. Jirgin yana kewaya bedi, ina jin numfashinsa a rediyo.

"Mita nawa?"

"Ina zuwa wurin, Kumandan, layi na uku ne."

"Mita nawa, don girman iyayenka."

"Ɗari biyar, daga yamma."

"Ta isa."

"Saura layi biyu," na ce. Na sake cewa. Rediyo yana ta shuu shi kaɗai.

A nan dole in faɗi laifina, tunda na faɗi na kowa. Da na fara daga ƙasa, da an wuce wurin. Amma takarda tana da tsari, ni kuma ban taɓa fara karatu daga ƙasa ba a rayuwata. Tun daga ranar, abin da zai iya ɓata wa mutum shekara shi nake sa wa a layin farko, ko buro ya so ko bai so ba.

Na aje littafi na fita da gudu. Mata sun watse gefe da goyo da ƙore, suna salati. Inna ba ta motsa ba. Tana zaune a gindin tsibinta da faifai a hannu, tana tsince ɓawon da ya rage, kamar jirgin na wani gari ne. Kumandan ya shigo ta yamma, ƙasa ƙasa, har ya kusa shafar kan kalgo. Ya aje taya daidai dutse na farko. Ban taɓa ganin sauka mai kyau irin wannan ba, kuma ban ƙara gani ba. Ya gangaro yana rage gudu, ya tsaya cak saura taku talatin ya kai gicciyen duwatsu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Sai na ji injin ya ɗaga murya.

Ya hangi kurmin kalgo a gefen kudu, yana so ya kusantar da ƙofarsa. Wutsiya ta fara zagayowa. Ina gudu ina ɗaga hannu, shi kuwa idonsa yana kan kalgo. Abin da ya kamata in yi shi ne in kwaɗa wa Inna kira ta danne tabarma. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Dije, ki ce ma Inna..." Dije tana can gindin bedi, ko ta ji ma sai ta zo ta durƙusa tukuna. Da na ga babu lokaci sai na yi tsalle na faɗa a kan tsibin, na baza hannu da ƙafa da riga, na runtse ido.

Iskar ta zo da tsakuwa. Na ji tabarmi suna tashi suna bugun juna. Na ji wake yana sauka a kan kwanon bukkata kamar ƙanƙara. Faya-fayai suka bi sama, ɗankwali uku suka maƙale a bedi, wani zabo da ya zo sata ya wuce ta kaina da baya. Abin bai fi ƙirga goma ba, sannan injin ya mutu.

Na buɗe ido. Inna ma ta kwanta a kan tsibin ta ɗaya gefen, ta baza hannuwa, fuskarta da tawa bai fi taƙi ɗaya ba. Ranar na fara sanin tana da wushirya. Ban san abin da ake cewa a irin wannan hali ba, babu wanda ya taɓa koya mini. Na ce, "Ina kwana, Inna."

"Lahiya lau," ta ce. "Danne can gehen, shina zuba."

Ƙofar jirgi ta buɗe. Kumandan Isufu ya diro a duƙe, ya ratsa mata kusan arba'in babu sallama, ya shige kalgo. Muka tashi muna kakkaɓe jiki, ni na koma nesa na durƙusa inda ya dace da ni. Tsibin da muka danne ya tsira, sai abin da ya zube ta gefe. Na bayansa guda biyar kuwa, biyu na Inna uku na maƙwabta, sun bazu a kan fili har inda ido ya kai.

Can sai ga shi ya fito a hankali yana gyara ɗamara, fuskarsa ta mutumin da duniya ta koma masa daidai. Ya buɗe baki zai yi mini ba'a, sai ya ji wake a ƙarƙashin takalminsa. Ya duba hagu, ya duba dama. Inna ta yafito shi da faifai. Ya zo ya cire hula ya rusuna.

"Kai ne mai jirgin?"

"Ni na, Inna."

"An ce kun yi lakol mai zurhi."

"An taɓa, Inna."

"Yaron ga," ta nuna ni da haɓa ba ta kalle ni ba, "sau huɗu shina hawan keke zuwa Agiye cikin rana, har ƙahwahunshi suka kumbura, don shi rubuta maka takarda. Ka karanta?"

"Inna, takardun da yawa suke."

"Waken ma da yawa yake. Duƙa."

Ya duƙa. Mutumin da jandarma ke sara wa, da hular aiki a hannu yana tsintar wake ɗaya ɗaya yana zubawa a ciki. Mata suka kawo tsintsiya, suka jera, aka fara daga gicciyen duwatsu ana yin gabas. Duk wadda ta wuce ta kusa da shi sai ta ce, "Sannu Kumandan, ya cikin?" Ya amsa wa ta farko da ta biyu, daga nan ya daina. Sau biyu ya nemi izinin Inna ya koma kalgo, sau biyu ta ba shi, ta ce ya bar hular a nan.

Wajen la'asar muka haɗu a layi ɗaya, ni da shi, gwiwa a ƙasa. Ya ce in karanta masa abin da ya rage. Na je na ɗauko littafi na karanta layi na huɗu da na biyar. Ya juya ƙwayar wake a tafin hannu.

"Mi ya hana ka sa shi hwarko?"

Na ce tsarin takarda ne. Amsar da ta dace, wato me ya hana shi karantawa tun yana ƙasa da kofin shayi a hannu, sai bayan kwana uku ta zo mini, ina kan keke. Kafin ya tashi muka tura jirgin da hannu, ni da mata takwas, har ƙarshen yamma, Inna tana tsaye tana duba kada wutsiya ta kalli inda ba a so. Bayan wannan ya riƙa karanta sanarwa, na shaida, har wajen wata biyar. Daga nan ya koma kiran rediyo tun daga nesa yana tambaya ko surukata tana fili. Na matsar da sunansa daga ƙasan shafi zuwa tsakiya, da fensir.

Waken da aka share ya cika buhu biyar, amma jar tsakuwar fili girmanta ɗaya da ƙwayar wake, kuma in ta sha ƙura launinsu ma ɗaya. Inna ba ta bar maƙwabta da asara ba. Ta auna musu mai tsabta daga tsibin da muka danne, ta karɓi mai tsakuwa, ta ce shanyar ita ta fara. Ta ɗebi abin da zai ishe ta daga mai kyau. Da yamma sai ga amalanke a ƙofar gidana da buhu biyar ɗin nan. Dije ta shigo tana danne dariya.

"Inna ta ce a kawo maka. Ta ce mutumin da ke karanta takarda har layin ƙarshe, shi ke da haƙurin tsintar tsakuwa."

Haka muka yi rani. Kullum bayan na dawo daga taka fili sai in zauna da faifai, Dije da nata, muna tsinta. Na ƙware har ina gane tsakuwa da ƙararta a kan faifai. Muka ci shi dafaffe, muka ci ƙosai, muka ci ɗanwake, muka sake cin sa dafaffe. Ban rufe bukka ba, ban je kudu ba, Dije ba ta koma gida ba. Ya kai gida biyu har aka ci sabon hatsi.

A buhu na ƙarshe ne, saura kwano kaɗan ya ƙare, ƙwaya ɗaya ta kuɓuce mana. Na ji ƙarar a cikin kaina kafin in ji zafin. Kwana biyu kumatuna kamar na ɓoye goriba, sai da na hau mota zuwa Maraɗi. Mai cire haƙori ya leƙa bakina da ƴar fitilarsa, ya daɗe yana dubawa, ya ce haƙorin turmi ne ya rabe biyu, kuma bai taɓa ganin wanda ya rabe daidai haka ba. Ya ɗauki biro ya tambaye ni me na tauna.

Na ce masa filin jirgi.